Zuwa ga Malamar da Ba Ta Ganin Ɗalibanta

Madarunfa, bayan girbi.

Yarinya,

Da sunan Allah nake farawa, Shi nake roƙo Ya sa takardar nan ta same ki cikin lafiya da kwanciyar rai. Ina gaishe ki, innarki tana gaishe ki, ƙannenki da sauran mutanen gida duk suna gaisuwa. Direban da ya ɗauke ki ya tabbatar mana kun sauka Yamai lafiya, mun gode wa Allah. Allah Ya tsare ki a ɗakin da kika kama da hanyar da kike bi zuwa jami'a, Ya raba ki da sharrin mutum da na ƙarfe.

Ba labarin gari zan ba ki ba. Tafki yana nan inda kika bar shi, gero ya shiga rumbu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da innarki ta kasa riƙewa. Ta ce ranar tafiyarki kin gaya mata wai ba na son aikin nan da kika samu. Wai da kika zo mini da albishir ina ɓarar gyaɗa a gindin dogon yaro, ko kai ban ɗaga ba, "To, madalla" kawai na ce. Wai a ganina mai zama a ɗaki yana magana da na'ura ba malami ba ne. Ta ƙara da cewa ke kanki zuciyarki na rawa, za ki gwada zuwa hutun farko, in har kika ga da bango kike magana za ki tattaro kayanki ki dawo ki nemi aji a Maraɗi, inda za ki riƙa ganin idon yara. Kada ki ɗaure ko ƙullin tsumma sai kin karanta wannan har ƙarshe.

Ga abin da na fahimta game da aikin. Kina zaune a ɗaki, ki rubuta darasi a cikin na'urar nan da kuke kira ordinatar, darasin ya bi wayar tarho ya isa ga ɗalibai a Damagaram da Tawa da Agadas, su karanta a tasu na'urar, su aiko miki da tambaya a rubuce. Ba ki ganin su, ba su ganin ki. Mutane a nan suna ta surutun abubuwan mamaki da za su zo da shekara ta dubu biyu, ni kuwa dariya nake yi, domin na yi irin aikin nan tun kina rarrafe. Kin san ni da allo da alli a ajin yaƙi da jahilci, amma kafin nan na shafe shekaru ina ɗaukar darasin noma a kaset, a kai ƙauyuka, jama'a su taru gindin itace a kunna musu manyeto, akwatin nan mai juya kaset. Kura-kuran da na tafka a lokacin sun isa a cika buhu. Zan zazzage miki su, ki tsince abin da zai amfane ki.

Da aka fara zaunar da ni gaban abin ɗaukar magana a Maraɗi, na duba ɗakin ba kowa, sai na ƙudura a raina taron kasuwa ne a gabana. Na buɗe maƙogwaro na yi ta zuba, ina karanta takarda, ina cusa Faransanci don a san na yi lakkwal, na sha boko. Ni a tunanina na burge. Da na kai ziyara Gabi, wani dattijo mai suna Nomau, wanda a ƙofar gidansa ake sauraro, ya ja ni gefe, ya kira ni yadda suke kiran malamin boko, ya ce, "Mushe, don Allah mi munka yi maka? Kullum in anka kunna abin ga, hwaɗa kake muna. Ni ko ubana bai taɓa yi min tsawa haka ba." Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa hulata. Daga ranar, in na shiga ɗakin nan, Nomau kaɗai nake zaunarwa a gabana, da gemunsa da kunnensa guda mai nauyi, in yi masa magana yadda zan yi in muna kan tabarma ɗaya. Ke ma haka za ki yi. Kada ki rubuta wa jama'a. Ki zaɓi ɗalibi ɗaya, wanda ya taso daga aiki a gajiye ya zauna gaban na'urar aro, ki yi masa bayani. In shi ya gane, sauran sun gane. Manyan kalmomin nan da kika sha wahala kika koya kuwa, ki ajiye su sai inda babu makawa. Ba wanda ke shakkar kin yi karatu.

Kuskure na biyu shi ne mafi muni. Na yi darasi a kan jan garin nan da ake cuɗa iri da shi kafin shuka, don kada ƙwari su cinye shi a ƙasa. Na fara da doguwar gaisuwa, na bi da tarihin noma, na yabi hukuma, na kawo yadda ake cuɗawa. Sai can a ƙarshen kaset na ce garin guba ne, a wanke hannu, kada mutum ko dabba ya ci abin da ya rage. Ban lissafa da pil ba, wato batirin manyeto. A ƙauye pil tsada gare shi, ana matsa shi har sai ya mutu. A wani ƙauye kusa da garin Sarkin Yamma, kafin a kai ga gargaɗin, muryata ta riga ta koma gurnani, mai kula da manyeto ya kashe, kowa ya kama gabansa.

Akwai wani manomi a can, Ɗan Baro, daga gidajen da ke bin addinin gargajiya. Dama nesa da tabarma yake tsayawa, don yana ganin taron na masu salla ne, shi ɗan leƙe ne kawai. Ya cuɗa irinsa yadda na ce, ya shuka, ragowar ya watsa wa zabinsa. Kafin la'asar duk sun miƙe ƙafa. Da na je, bai ɗaga murya ba. Ya nuna mini inda ya binne su ya ce, "Mushe, ka ce mu zuba, mun zuba. Ba ka ce kisa shikai ba." Na ce na faɗa mana, yana cikin kaset. Ya dube ni ya ce, "Cikin kaset shike, ba cikin kunnena ba." Daga baya matarsa ta ce da ba don ya riga ta watsa wa zabin ba, niyyarta ta wanke ragowar ta daka wa yara fura. Na daɗe ban iya cin naman zabo ba.

Saboda haka abin da ya fi kowane muhimmanci, shi za ki sa a farko. Wuta za ta ɗauke, wayar tarho za ta yanke, wani zai zo ya ce lokacin ɗalibinki ya ƙare ya tashi ya ba shi na'ura. Ki ɗauka kullum cewa rabin darasinki kawai zai isa, ki tabbata rabin da ya isa ya wadatar. Ki gutsura darasi ƙanana, kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Kuma kada ki taɓa kare kanki da cewa ai kin rubuta. Abin da kika rubuta bai zama darasi ba sai ya shiga kan wani.

Bayan wannan na zama mai yawan tambaya. Duk inda na je sai in ce wa masu sauraro, kun gane? Su amsa baki ɗaya, "Sarai, Mushe!" In hau kekena in dawo gida ina fito. Ashe ban san mutanena ba, ko in ce na san su na manta. Wa zai dubi malami, baƙo, wanda ya sha rana ya zo, ya ce masa bai iya bayani ba? "To" ɗinmu ta ladabi ce, ba ta fahimta ba. Na gano haka a Gabi, bayan darasin adana wake da toka. Na zagaya gida gida, ban samu tukunya ko ɗaya da aka yi yadda na ce ba, wake duk ya huje. Na tare Ladi, matar ɗan Nomau, tana dawowa daga rijiya, na tambaye ta dalili. Ta sauke tulu ta ce, "Mushe, ka ce a sa toka. Mai zahi ko mai sanyi? Bisa ko ƙasa? Ba ka hwaɗi ba." Na ce me ya hana ki tambaya ranar da na zo? Ta kama baki ta ce, "Gaban surukina?"

Daga nan na daina tambayar ko an gane. Na riƙa barin bayan kaset babu komai, na ce kowane ƙauye su ɗauki tambayoyinsu a ciki su maido mini. Maza su yi nasu gindin itace, sannan a shigar da manyeto cikin gida mata su yi nasu ba namiji a kusa. Yarinya, da kin ji abin da ya fito! Mutanen da na ɗauka ba su da ta cewa, sai ga tambayoyi har kaset ya cika, wasu ma ni kaina sai na je na tambayo. Ɗalibanki 'ya'yan mutanen nan ne, sun sha kunyar nan a nono. In kin ji shiru, kada ki ce an gane. Ki ba su ɗan aiki da zai nuna miki abin da ya shiga. Ki buɗe musu wata ƙofa da mutum zai tambaye ki shi kaɗai ba idon 'yan'uwansa. Wanda kuma ya kwana biyu ba ki ji ɗuriyarsa ba, ke za ki neme shi, domin shi ba zai neme ki ba.

In sun tambaya kuma, ki amsa da wuri. Nomau ya taɓa aiko mini da tambaya a kan tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Kaset ɗin ya kwanta a jakata, yau biki, gobe taro, ban amsa ba sai da aka gama girbi. Amsata ta yi kyau ƙwarai, har da sunan tsutsar a Faransanci. Sai ga saƙonsa a kaset na gaba: "A gaida Mushe. A ce mai tsutsa ta gode, ta ci ta ƙoshi, har ta aurar da ɗiyanta." Ana ta dariya a bayansa. Na yi dariya ni ma, amma gonarsa ce ta tafi. Ko ba ki da cikakkiyar amsa, ki aika ki ce kin gani, kina nema. Mai jira daga nesa bai san kina aiki ba, abin da ya sani kawai an manta da shi.

Yanzu ga abin da na fi alfahari da shi a duk aikina, kuma ba a littafi na koye shi ba. Wata rana ina amsa tambayoyi, maimakon in ce wata ta tambaya, sai bakina ya ce, "Wannan tambayar Ladi ce ta Gabi, kuma tambaya ce mai kyau." An ba ni labari cewa da sunan ya fito daga manyeto, Ladi ta ja mayafi ta rufe fuska, mata suka ɗau guɗa, aka yi ta maido da wurin ana sake ji. Tun daga ranar ba ta ƙara fashi ba, ita ce ma ta koma tattara mata.

Sai na tuna da Ɗan Baro, wanda tun mutuwar zabinsa bai sake zuwa sauraro ba. Na buɗe darasi na gaba da cewa, "Ɗan Baro na Sarkin Yamma, ina gaishe ka. Kai ka koya mini in riƙa faɗin gargaɗi tun farko, ga shi na fara da shi." Ba ya wurin, amma kafin rana ta faɗi maganar ta iske shi a gona. Da aka sake taruwa ya zo. Bai tsaya inda ya saba tsayawa ba, ya ratsa mutane ya zauna a tsakiyar tabarma, kusa da liman, ya ce a maido masa wurin da aka ambace shi. Shekarun baya da muka haɗu a kasuwar Ɗan Issa, ya tsufa, ido ya yi rauni, amma ina yin sallama ya ce, "Muryar cikin akwati!" Ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

Wanda ba ya ganin fuskarki ba shi da wata shaida cewa kin san da shi sai sunansa a bakinki. Ki haddace sunayensu da garuruwansu. Ki ce wane na Tawa ya kawo magana mai kyau, wance ta Damagaram ta gyara mini kuskure. In kika yi haka, ɗakin da kike cewa bango ne zai cika da mutane har ki rasa wurin sa ƙafa. Ni shaida ne.

To, na zo inda nake ta kewaye-kewaye tun farkon takarda.

Ban sani ba ko kina tune. Kina ƙarama, ina zaune a zaure ina jera sunayen da zan ambata a kaset, kika zo kika dafa gwiwata kika ce, "Baba, yaushe za ka kira nawa cikin manyeto?" Na ce tashi ki ba ni wuri, innarki na neman ki. Kika tafi kina waiwaye. Ke ce 'yar fari. Kin san al'adarmu: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Haka na ga mahaifina ya yi wa yayana har ya koma ga Allah, haka na yi miki. Na kira ƙannenki da sunayensu, na ɗauke su a kafaɗa, na kira sunan mutanen ƙauyuka da ban taɓa cin tuwon gidansu ba. Ke kuwa "Yarinya" ce tun ranar suna har yau da kike koyarwa a jami'a. Ban ce al'adar banza ce ba. Kunya ce, kuma duk wanda ya girma a cikinta ya san abin da ke ƙarƙashinta. Amma na ɗauka ke ma kin sani, ban taɓa dubawa ba. Ni da na gama gaya miki kada ki yarda da shiru, ga shi na bar ki da nawa shirun kina fassara shi yadda kika iya.

Bari in gaya miki abin da ya faru a gindin dogon yaro. Ban ɗaga kai ba domin idona ya cika, kuma ƙannenki suna wurin. Kina shiga gida na bar gyaɗar nan ga awaki, na zura takalmi na fita. Na gaya wa liman. Na gaya wa masu shayi a bakin tasha. Na gangara bakin tafki na gaya wa masunta, har ɗayansu ya ce, "Mushe, ka hwaɗa muna jiya." Na ce jiya ba a yi ba tukuna, ya ce to shekaranjiya na faɗa musu za a yi. Yanzu in sun hango ni tafe sai su tura jirgi cikin ruwa. Mai gyaran rediyo na kasuwa ya gaji da ni, don kullum sai na sa ya sake yi mini bayanin yadda rubutu ke bin waya, in je in maimaita wa wasu kamar ni na ƙera abin. Ban taɓa jin daɗi a duniya irin na ranar nan ba, ko ranar da aka ba ni aiki. Ni na yi magana da ƙauyukan da keke ke kaiwa, ke za ki yi da garuruwan da ban taɓa takawa ba. Aikina kika ɗauka, kika kai shi inda ban yi mafarki ba. Ina alfahari da ke, ina alfahari da ke ƙwarai.

Saboda haka in don ni za ki dawo, kada ki dawo. In aikin ya yi nauyi, zai yi, ki ba shi shekara, ki gwada abin da na gaya miki. In bayan nan zuciyarki ta ce aji take so, ƙofar gida a buɗe take, ba mai ce miki don me. Amma akwai wani yaro ko wata yarinya a can nesa da ba su da wata jami'a sai ke. Kada ki kashe musu manyeto a tsakiyar darasi.

Za ki ga kaset a cikin ambulan ɗin nan. Jiya da hantsi na ciro tsohon manyetona daga ƙarƙashin gado, na kakkaɓe shi, na sa sabon pil. Na kori kowa daga zaure. Na danna, bakina ya ƙi. Na sake dannawa, ya sake ƙi. Innarki ashe tana laɓe a bakin ƙofa, ta ce, "Malam, in ba ka iyawa ka bari, kar ka shaƙe." Na ce ta tafi ta ba ni wuri. Ba ta tafi ba. Da abin ya fito daga bakina, sai na ji ta ja hanci ta koma ciki da sauri, wai tuwonta zai ƙone, alhali ko wuta ba ta hura ba.

A takardar nan na karya dokata, na bar babbar magana sai ƙarshe. Ki yi mini uzuri, tsufa ne da nauyin baki. Amma a kaset ban yi wannan kuskuren ba. Sunanki ne abu na farko da za ki ji, kafin sallama ma, ko da pil ɗinki ya yi sanyi.

Allah Ya kiyaye ki fita da shiga. Allah Ya sa albarka a bakinki da hannunki, Ya buɗe kan ɗalibanki, Ya haɗa ki da abokan aiki na kirki. Allah Ya tsare lafiyarki, Ya tsare mutuncinki, Ya maido mana ke lokacin hutu da ƙafafunki, ki tarar da mu lafiya. Ki riƙe salla, ki riƙa cin abinci a kan lokaci.

Allah Ya yi miki albarka, Habsatu.

Mahaifinki,
Illa